Babi na 6: Kuɗi ɗaya, littafi uku

Idan rani ya shiga, aka gama girbi aka rufe bakin rumbu, samarin ƙauyukan Droum da ke ƙasar Damagaram kan watse. Wasu su gangara Kano da Legas, wasu su haura Agadas wajen haƙar zinariya, wasu su tsallaka Aljeriya ko Libiya. Abin da ke biyo bayansu gida shi ne aike: jika 20, jika 50, kuɗin magani, kuɗin taki. A da sai an sami mai tafiya an damƙa masa amana. Yau ɗan cin rani zai shiga ofishin Nita ko Amana ko Al Izza, ko ya latsa Airtel Money a wayarsa, ya kira gida ya karanto lamba, shi ke nan tsoho ya ɗauki sandarsa ya tafi karɓa.

Babu takardar kuɗi ko ɗaya da ta bar Agadas. Jika 50 ɗin da yaron ya miƙa na nan cikin akwatin ma'aikacin da ya karɓa. Waɗanda za a ƙirga wa tsoho da ma suna kwance a wani akwati a ƙasar Damagaram. Abin da ya motsa layi ɗaya ne a cikin littafi: wane ya ajiye kaza, wane zai karɓa, ba a biya ba tukuna. Idan an biya sai a koma kan layin a rubuta an biya. Wannan littafi shi ne rumbun bayanai, kuma dukan amincin aiken ya rataya a kansa. Kowane kamfani da yadda ya tsara nasa, amma tambayoyi biyu babu wanda ya tsallake su: a ina littafin yake ajiye, kuma guda nawa ne?

Kamfani na iya sayen kwamfutocinsa ya jera a ɗaki ɗaya a Yamai. Yana kuma iya hayar wuri a abin da ake kira gajimare, wato manyan gine-gine marasa taga, cike da kwamfutoci a kan kantoci, da na'urorin sanyaya iska, da injinan wuta na ko-ta-kwana, waɗanda irin su Amazon da Microsoft da Google suka gina suna ba da haya. Ko wanne aka zaɓa, gini ne a kan ƙasa, kuma gini yana ƙonewa. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a cibiyar kamfanin OVH da ke Strasbourg a Faransa, ta cinye gini ɗaya ƙurmus ta taɓa na kusa da shi. Miliyoyin shafukan intanet suka ɗauke. Wasu abokan cinikin sun ɗauka suna da ajiyar tsaro, ashe ajiyar tasu tana cikin harabar da ta ƙone. Ranar 26 ga Satumba 2025 kuma batura suka kama da wuta a cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon. Ayyukan gwamnati sama da 600 suka tsaya, kuma wata ma'ajiyar takardun ma'aikata mai terabait 858 ta tafi ke nan, domin ba ta da kwafi a ko'ina.

Manomin Droum ba ya buƙatar a yi masa wannan karatu. Mai gidan da ya san abin da yake yi ba ya zuba dukan dammansa a rumbu ɗaya. Akwai na ci, akwai na tsimi, wani lokaci akwai wanda aka bari a gidan ɗan'uwa a wani ƙauye, saboda gobara da gara da ɓarawo. Sai dai kwatancen yana da iyaka, kuma iyakar ce ta haifi wannan babi. Damin da aka kai rumbun tsimi ya bar rumbun ci, hatsi ba ya zama a wuri biyu. Bayani kuwa ana kwafarsa ya zauna a wuri goma ba tare da ya ragu ba. Wannan ya sauƙaƙa ajiya, ya kuma jawo wata fitinar da mai hatsi bai san ta ba: kwafi biyu na iya saɓa wa juna. Ɗaya ya ce an biya, ɗaya ya ce ba a biya ba, kuma kowanne yana da tabbacin shi ke da gaskiya.

Kafin mu shiga fitinar, mu ga yadda masu hayar suka shimfiɗa duniya. Sun kasa ta shiyya-shiyya. Shiyya ɗaya birni ne da kewayensa, a cikinta kuma akwai rukunonin gine-gine, yawanci uku, kowanne da nasa layin wuta da nasa wayoyin sadarwa, an nisanta su yadda gobara ko ambaliya ɗaya ba za ta haɗa su ba, amma kusa yadda saƙo zai kai cikin ƙiftawar ido. Ajiye kwafi a rukunoni uku na shiyya ɗaya abu ne mai sauƙi, yau kusan latsa maɓalli ne. Raba rumbu tsakanin shiyyoyi, a ce ɗaya a Paris ɗaya a Afirka ta Kudu, shi ne aikin da ke sa injiniya furfura.

A taswirar shiyyoyin nan Sahel fili ne fetal. Microsoft ya buɗe nasa na farko a Afirka a 2019, a Johannesburg da Cape Town. Amazon ya biyo baya a Cape Town a Afrilun 2020, Google kuma a Johannesburg a farkon 2024. A 2023 Amazon ya buɗe ƙaramin reshe a Legas, wanda bai kai cikakkiyar shiyya ba. Saboda haka matashin da ya fito daga Jami'ar André Salifou ta Damagaram da niyyar gina manhaja zai buɗe jerin shiyyoyi ya tarar zaɓinsa na gaske tsakanin Turai ne da kudancin nahiyar. Sau da yawa Turai ce ta fi kusa, ba a taswira kaɗai ba, har a waya, domin wayoyin teku na Afirka ta Yamma an shimfiɗa su ne suna fuskantar Fotugal da Faransa da Ingila.

Nisan nan yana da farashi, kuma babu kuɗin da ke rage shi. Saƙo yana tafiya a cikin wayar gilashi a matsayin haske, gudunsa kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Idan aka raba daƙiƙa gida dubu, kowane kashi, wato milisakan, haske na cin kilomita 200. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, zuwa da dawowa milisakan 9 ke nan. Kano ba ta kai milisakan 3 ba. Paris fa? Nijar ba ta da teku, sai saƙo ya bi ta ƙasar maƙwabta. Idan ya je Yamai, ya gangara Kwatano, ya shiga teku ya zagaya Abidjan da Dakar ya fito Fotugal, sannan ya hau tudu zuwa Faransa, tafiyar ta doshi kilomita 10,000. Zuwa da dawowa kusan milisakan 100, kafin a lissafa tsaye-tsayen da yake yi a na'urorin hanya da kuma jinkirin rezo tsakanin waya da eriya. Mai karatu zai ce, ai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba wani abu ba ne. Gaskiya ne, in sau ɗaya ne. Amma biyan aike guda na iya buƙatar manhaja ta tambayi rumbu sau ashirin a jere: wane ne ma'aikacin, lambar ta yi daidai, an taɓa biya, nawa ya rage a akwati. Ashirin sau ɗari, daƙiƙa biyu. Ranar kasuwa, da layi har waje, daƙiƙa biyu-biyun nan su ne ke zama tsaki.

Kenya ta ɗanɗana wannan. M-Pesa, wanda ya fara a 2007, ya yi shekaru kwamfutocinsa na Jamus. Mai sayar da tumatir a Nairobi ta karɓi kuɗi daga maƙwabciyarta, sai saƙon ya je Turai ya dawo, kuma duk ranar da wayar teku ta sami matsala cinikin ƙasa ya ji a jikinsa. A Afrilun 2015 Safaricom ya kwaso tsarin ya dawo da shi gida.

To, a ce wani kamfani, kada mu sa masa suna, ya yanke shawarar ajiye littafinsa a wuri biyu: uwa a Yamai, kwafi a Paris. Hanya biyu ce a gabansa. Ta farko, uwa ta rubuta an biya, ta ce wa ma'aikaci ya miƙa kuɗi, sannan ta aika wa kwafi labari daga baya. Aiki zai yi sauri, amma kullum kwafin yana bayan uwa da ɗan taƙi, wani lokaci rabin daƙiƙa, wani lokaci minti idan hanya ta cunkushe. Ranar da wuta ta cinye uwa aka koma kan kwafi, duk abin da aka rubuta a cikin wannan ɗan taƙin ya ɓace. Mutum ya karɓi jika 50 a Mirya, kwafi bai ji labari ba, lambar nan tana nan da ranta, ƙaninsa na iya gabatar da ita a Damagaram a sake biya. Ko kuma akasin haka, wanda ya fi ciwo: an karɓi kuɗin mai aike, an ba shi lamba, littafin da ya tsira bai san da shi ba.

Hanya ta biyu, uwa ba za ta ce an biya ba sai kwafi ya amsa cewa shi ma ya rubuta. Nan babu abin da ke ɓacewa. Amma kowane rubutu sai ya jira tafiyar Paris da dawowa, kuma ranar da hanyar Paris ta yanke, uwa lafiyarta ƙalau, wuta na nan, ma'aikata na zaune, amma ba za ta iya rubuta ko harafi ba. An ƙara gida na biyu don a tsira, sai ga shi lalacewar ko wanne daga cikin biyun na tsayar da aiki.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Idan kwafin Paris ya daina jin muryar uwa, ba shi da hanyar sanin ko mutuwa ta yi ko waya ce ta tsinke. Shiru ɗaya ne. In ya ɗauka ta mutu ya hau kujera, alhali tana raye tana karɓar rubutu, an yi sarki biyu zamani ɗaya. Haka ta faru da GitHub, shafin da masu rubuta manhaja na duniya ke ajiye aikinsu. Ranar 21 ga Oktoba 2018, ana canjin wata na'ura, hanyar sadarwa ta yanke daga babbar cibiyarsu ta gabashin Amurka na tsawon daƙiƙa 43 kacal. Cikin wannan lokaci manhajar da ke sa ido ta naɗa cibiyar yammacin ƙasar ta zama uwa. Da hanya ta dawo, sai aka tarar gabas na riƙe da rubutun wasu daƙiƙoƙi da yamma ba ta gani ba, yamma kuma ta riga ta fara karɓar nata. Babu wadda za a share ba tare da an zubar da aikin wasu ba. Injiniyoyin suka zaɓi su bi a hankali, kada bayani ya salwanta, sai shafin ya yi awa 24 da minti 11 yana ɗingishi.

Maganin da aka samo shi ne ƙirga hannu. A yi kwafi uku maimakon biyu, a kafa doka cewa babu rubutun da ya tabbata sai biyu daga cikin ukun sun amince, kuma babu mai zama uwa sai biyu sun zaɓe shi. Idan hanya ta tsinke, duk yadda ta tsinke, ɓangare ɗaya ne kawai zai iya tara biyu. Wanda ya tsinci kansa shi kaɗai ya san ba shi da rinjaye, sai ya kame hannunsa. Leslie Lamport ya wallafa tsarin da ake kira Paxos a 1998, a 2014 kuma Diego Ongaro da John Ousterhout suka fito da Raft, wanda ya fi sauƙin ganewa, kuma a kan irin waɗannan aka gina yawancin rumbunan zamani masu yaɗuwa. Na ukun ba dole ne ya zama babba ba, yana iya zama ɗan shaida kawai, aikinsa ɗaga hannu. Abin lura shi ne rubutu ba ya jiran mafi nisa, yana jiran mafi kusa ne daga cikin sauran biyun. Saboda haka inda aka dasa na biyu ya fi inda aka dasa na uku tasiri a kan saurin aiki.

Ko da rinjaye, wanda aka bari shi kaɗai dole ya tsaya. Wannan shi ne abin da Eric Brewer ya faɗa a wani taron masana a 2000, Seth Gilbert da Nancy Lynch kuma suka tabbatar da shi da lissafi a 2002: idan hanya ta yanke, rumbu zai zaɓi ɗaya, ko ya ci gaba da amsawa da yiwuwar saɓani, ko ya tsare gaskiya ɗaya ya ƙi amsa wa wasu. Google, da ke da kuɗi da wayoyin teku nasa na kansa, bai karya wannan doka ba. Abin da ya yi da rumbunsa mai suna Spanner, wanda ya bayyana a 2012, shi ne ya sa yankewar hanya ta zama abu mai wuyar aukuwa, ya kuma dasa agogunan atom da na'urorin GPS a cibiyoyinsa don a san wane rubutu ya riga wane. Duk da haka, kafin ya sanar da cewa rubutu ya tabbata, sai ya dakata 'yan milisakan har shakkar agogo ta wuce.

A ganina kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar dukan bayanai a matsayin abu ɗaya. Kuɗi ba ya jure saɓani, gara ma'aikaci ya ce babu rezo, a dawo an jima, da a biya aike ɗaya sau biyu. Amma rajistar yaran da aka yi wa allurar rigakafi a wani ƙauyen Droum fa? Malamar asibiti ba za ta mayar da uwa da goyonta gida don kwamfutar Yamai ba ta amsa ba. Ta yi allura, ta rubuta a wayarta, idan ta shigo inda akwai rezo wayar ta aika. In sunan yaro ya fito sau biyu, a gyara daga baya, babu wanda ya mutu. Amazon ya bi wannan tunani da kwandon sayayyarsa. A takardar da injiniyoyinsa suka fitar a 2007 kan rumbun Dynamo, sun bayyana cewa kwandon ba ya taɓa ƙin karɓar kaya, in kwafi biyu suka saɓa sai a haɗe su, ko da kayan da mai saye ya cire zai sake bayyana. A Afirka ta Yamma ma an yi aiki da wannan. Ƙungiyar eHealth Africa, mai babban ofishi a Kano, ta yi amfani da rumbun CouchDB a manhajar bibiyar waɗanda suka yi mu'amala da masu cutar Ebola a 2014. Kowace waya na ɗauke da ɗan rumbunta, tana aiki ko babu intanet, tana daidaita kanta da sauran idan hanya ta samu. Idan aka duba da kyau, wannan ma rarraba rumbu ne a wurare da yawa, sai dai shiyyoyinsa suna cikin aljihun ma'aikata.

Na tsaya a kan wannan ne domin littattafan da aka rubuta a Amurka suna ɗaukar yankewar hanya a matsayin abin da ke faruwa can tsakanin manyan cibiyoyi, sau ɗaya a shekaru. A nan kuwa tsinkewar tana faruwa ne tsakanin mutum da cibiyar farko. Ranar 13 ga Maris 2024 shugaban Najeriya ya ba da umarnin buɗe iyaka da Nijar bayan wata bakwai a rufe. Washegari, 14 ga wata, wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, akasari daura da Kwaddibuwa. Intanet ta yi rauni ko ta ɗauke a ƙasashe da dama, har da Nijar da ba ta taɓa ganin teku ba. Bankuna a Najeriya suka riƙa ba abokan cinikinsu haƙuri, gyara kuma ya ɗauki makonni. Kamfanin da ya ajiye kwafi a Paris da Frankfurt da Landan yana da shiyya uku cif, dukansu lafiya lau, suna ta amincewa da juna, amma masu amfani da shi na wannan gefen ruwan. Waɗanda suka sha da sauƙi su ne masu hanya ta dabam, irin wayar Equiano ta Google da ta sauka Lome da Legas a 2022. Shiyya uku da ake isa gare su ta waya ɗaya, ga mutumin Droum, shiyya ɗaya ce.

Ba kullum teku ke yanke hanya ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta dakatar da hulɗar kuɗi da kasuwanci da Nijar, a farkon Agusta kuma Najeriya ta katse wutar da take sayar wa ƙasar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ake amfani da shi. Damagaram da Maraɗi na shan tasu ne ta layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa. A ƙarshen Fabrairun 2021 an rufe intanet ta wayar hannu a Nijar kusan kwana 10 bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, a Satumban wannan shekarar kuma aka kashe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda 'yan bindiga. Mai tsara rumbu a wannan yanki dole ya lissafa da sa hannun hukuma kamar yadda yake lissafi da gobara. Kwafin da ke waje yana tsira daga ɗaukewar wutar gida, amma yana ƙarƙashin dokar wata ƙasa da takunkuminta. Kwafin da ke gida yana hannunka, amma yana shan man injin.

Da injiniya ne kaɗai ke yanke hukunci, da ya dubi Kano. A Janairun 2023 aka ƙaddamar da babbar cibiyar ajiyar bayanai ta Galaxy Backbone a can, wadda ke mara wa ta Abuja baya, kuma tana da tazarar da ba ta kai sulusin ta Yamai ba daga Damagaram. Amma tsakani akwai iyaka, da sefa da naira, da dokoki biyu. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, ta sabunta ta a 2022, da hukumar HAPDP mai sa ido, kuma dokar ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan 'yan ƙasa waje. Najeriya ta yi tata a 2023. Don haka rumbunan zamani suka koyi kasa littafi gwargwadon wuri: layukan mutanen Nijar uwarsu na Nijar, na mutanen Najeriya uwarsu na Najeriya, kowa na rubuta nasa da sauri a kusa da shi. Wahalar na tasowa ne idan ciniki ɗaya ya taɓa ɓangarorin biyu, kamar aike daga Kano zuwa Droum, inda dole uwa biyu su amince tare ko su fasa tare. Irin wannan ciniki shi ne mafi tsada a rumbu, kuma shi ne abincin yau da kullum na mutanen iyaka.

Damagaram ta taɓa zama tsakiya. A zamanin Sarki Tanimu, a ƙarni na 19, ayarin fatake na fita daga unguwar Zango zuwa Kano, da Kukawa ta Barno, da Agadas har Tarabulus. Faransawa sun mai da ita hedikwatar yankinsu a 1911, a 1926 suka kwashe zuwa Yamai, tun daga nan komai na hukuma ya koma yamma, har da wayoyi. Aikin shimfiɗa wayar gilashi ta ƙetaren Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa wa, ya ƙunshi sama da kilomita 1,000 a Nijar, ciki har da reshe daga Damagaram ta Magarya zuwa iyakar Najeriya, da wani ta Arlit zuwa Aljeriya, da wani ta Diffa zuwa Chadi, tare da cibiyar bayanai ta ƙasa. Kusan hanyoyin fataken ne aka sake bi. Amfaninsa ga batunmu a fili yake: idan teku ta tsinke a kudu, akwai ƙofar arewa. A 2025 kuma Starlink ya fara aiki a ƙasar bisa izini, ƙarin ƙofa ta sama ga mai iya biya.

Akwai wani tarkon da yawan shiyyoyi ba ya kare mutum daga gare shi. Kwafi mai biyayya ne, duk abin da uwa ta yi zai yi, har da ɓarna. A Mayun 2024 asusun fanshon UniSuper na Ostareliya, mai mambobi sama da 600,000, ya wayi gari rumbunsa da ke Google Cloud ya ɓace. An bar wani gurbi ba a cike ba lokacin kafa tsarin, sai na'ura ta ɗauka wa'adinsa shekara ɗaya ne, da wa'adin ya cika ta share shi. Suna da kwafi a wurare biyu, sharewar ta bi duka biyun. Abin da ya taimaka wajen ceto su shi ne ajiyar da suka yi dabam, har da wadda ke hannun wani kamfanin, duk da haka sai da aka yi kusan mako biyu kafin komai ya daidaita. Ranar 20 ga Oktoba 2025 kuma wata matsala a shiyyar Amazon ta Virginia ta durƙusar da manhajoji a nahiyoyi da dama, saboda wasu ayyukan da kowa ke dogaro da su, ko ina rumbunsa yake, can aka ɗaure su.

Duk wannan kuɗi ne. Shiyya uku na nufin hayar kwamfuta sau uku, ga kuɗin da masu gajimare ke caza kan kowane bayani da ya tsallaka daga shiyya zuwa wata, kuma da dala ko yuro ake biya. Ga ƙaramin kamfani ko ƙungiyar manoma a Damagaram, ni dai shawarata ita ce a fara da shiyya ɗaya mai rukunoni uku, da ajiyar tsaro a hannun wani kamfani dabam, da manhajar da ke iya aiki idan babu rezo, a kuma ɗauki layin intanet biyu da aka tabbatar ba hanya ɗaya suke bi ba. Sai abin ya girma a yi maganar shiyya ta biyu. Wanda kuma ya gina ta, ya gwada ta. Netflix na da wata manhaja, Chaos Kong, wadda aikinta shi ne ta kwaikwayi mutuwar shiyya guda da gangan, da rana tsaka, injiniyoyi na kallo, don a ga ko sauran za su ɗauki nauyin. A kuma rubuta tun kafin ranar wane ne ke da ikon cewa a koma kan kwafi, da lambar da za a same shi idan layin da aka saba ya mutu. GitHub, bayan abin da ya same shi a 2018, ya hana manhajarsa ta sake naɗa uwa a wata shiyya da kanta.